Garma Ba Ta Huɗa Sai Da Shanu

Kowane manomi ya sani garma ba ta huɗa ita kaɗai. In jam'iyyar gama kai ta tara kuɗi ta sayi garma sabuwa fil, ta kira mutanen gari su zo su gani, amma ba ta tanadi shanu ba, ba ta tanadi harawa da dusa ba, ba ta kuma shirya da wanda zai riƙe ta ba, to damina za ta zo ta wuce garma tana jingine a gindin rumbu. Ba wanda zai ce wannan jam'iyya ta yi dabara. Amma irin wannan ciniki ne aka daɗe ana yi da kuɗin jama'a wajen sha'anin lafiya a ƙasarmu. A gina ɗakin shan magani, a kafa allo mai ɗauke da sunan wanda ya gina, a yi jawabi, a watse. Wanda zai zauna a ciki ya duba mara lafiya, ya karɓi haihuwa da tsakar dare, ba a cika tunawa da shi ba sai ran da ya tafi.

'Yan'uwa manoma, maganarmu a wannan fitowa ita ce, kuɗin da gwamnati ke warewa domin lafiya a fara da mutum kafin bango. A koyar da ma'aikaci, a ɗauke shi aiki na dindindin, a biya shi a kan kari, a ba shi wurin kwana. Za mu ɗauki misali daga arewacin Jihar Zamfara, watau ƙasar Ƙauran Namoda da ta Shinkafi da ta Zurmi, domin a can ne wannan ciwo ya fito fili ƙwarai. Amma wanda ke karanta wannan takarda a wata jiha kada ya ce ba ruwansa. In ya leƙa ɗakin shan maganin garinsu zai ga ɗan'uwan abin da za mu faɗa.

ABIN DA AKA ƘIDAYA A SHINKAFI DA ZURMI

A watan Yuni na 2024, ma'aikatar lafiya ta jihar tare da ƙungiyar likitocin nan ta MSF, wadda ake yi wa laƙabi da Na-gari Na-kowa, suka auna yara 97,149 'yan ƙasa da shekara 5 a wurare 21 cikin ƙasar Shinkafi da ta Zurmi. Suka tarar cikin kowane yara 100, guda 27 suna fama da tamowa. Guda 5 daga cikin 27 ɗin nan kuwa tamowar ta yi musu tsanani, irin wadda in ba a yi hanzari ba sai a rasa yaron. Ƙungiyar ta ƙara da wata magana wadda ita ce ta sa muka ɗauki alƙalami. Ta ce cikin asibitoci da ɗakunan shan magani wajen 700 da ke jihar, kamar 200 ne kaɗai ake iya zuwa a tarar ana aiki, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne ma'aikata ba su iya kai wa can.

A tsaya a yi lissafi. Wurare wajen 500 ke nan da aka kashe musu kuɗin siminti da kwano da ƙofa da taga, ba su warkar da kowa.

Sai mu lura da yadda ake maganin tamowa, domin a gane inda ma'aikaci ya shigo. Yawancin yaran ba su bukatar a kwantar da su. Akwai wani abinci da ake haɗawa da gyaɗa da madara da sukari da mai, a ƙulla cikin 'yar leda. Uwa ta karɓi na mako guda, ta koma gida ta riƙa ba yaro, mako ya zagayo ta dawo a auna shi a ga ko ya ƙaru. Aikin ba na likita ba ne, malamin asibiti na ƙauye ya isa. Amma tilas ya kasance yana nan kowane mako, kusa da inda uwar za ta iya zuwa da ƙafa ta koma kafin la'asar. In ba ya nan, sai uwa ta yi ta jira, har zawo ko ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ya haɗu da tamowar, sa'an nan a ɗauko yaro a babur zuwa babban asibiti ya riga ya galabaita. Abin da za a tare da 'yan ledoji kaɗan ya koma na gado da ƙarin ruwa da ƙarin jini.

Mutanen Zurmi ba su manta da sanƙarau ba. A ƙarshen 2016 cutar ta ɓulla a ƙasarsu. Sai a watan Fabrairu na 2017 labari ya kai ga hukumar yaƙi da annoba ta tarayya. Kafin ta lafa a tsakiyar 2017 ta kama mutum fiye da 14,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 1,100, kuma Zamfara na cikin jihohin da suka fi shan wuya. Annoba irin wannan ba gini ke gano ta ba. Mai gano ta shi ne ma'aikacin da ya ga yaro na uku cikin mako guda da wuya a sanƙare, ya san abin da yake gani, yana da wanda zai aika wa labari, wancan kuma yana da mota da mai da zai zo ya ɗebi ruwan baya a kai awo. Kowane ɗaya cikin mutanen nan albashi ke tsai da shi a wurin aikinsa.

ZANEN ARO

Ƙungiyar MSF ta yi wa Zamfara aiki mai yawa. Ita ce ta tsaya a 2010 lokacin da gubar dalma ta kashe yara wajen 400 a ƙasar Anka da Bukkuyum. Daga baya ta shiga manyan asibitocin Shinkafi da Zurmi, tana duba yara da masu ciki, tana kuma taimakon waɗansu ƙananan asibitoci na kewaye. Duk wanda aka ceci ɗansa a can ya san darajarta, mu ma muna gode mata. Amma Bahaushe ya ce zanen aro ba ya rufe katara. A watan Disamba na 2023, da faɗa ya tsananta a garin Zurmi, tilas ƙungiyar ta janye waɗansu ma'aikatanta zuwa inda za su tsira. Ba laifinta ba ne. Baƙo dai baƙo ne, kuma ita kanta takan faɗa a fili cewa ba za ta iya ɗaukar kayan gwamnati ba.

A 2025 kuma Amurka ta yanke yawancin taimakon da take ba ƙasashe, ta rufe hukumarta ta USAID. Shirye-shiryen lafiya da yawa a Afirka suka tsaya cik, ma'aikatan da ake biya da wannan kuɗi suka koma gida. Majalisar tarayya ta ƙara dala miliyan 200 cikin kasafin lafiya na shekarar domin a toshe ramin. Wannan ya nuna abu biyu. Kuɗin waje yakan ɗauke kamar ruwan ƙarshen damina, ba sallama. Kuma in gwamnati ta ga tilas, takan samo kuɗi.

ALKAWARIN DA YA TSUFA

Maganar nan ba sabuwa ba ce. Cikin shirin raya ƙasa na 1975 zuwa 1980 gwamnati ta ɗauki niyyar kai asibiti ƙauyuka, yawancin kuɗin kuwa ya tafi wajen gini da sayen kaya. Abin kirkin da ya rage daga wannan shiri shi ne makarantun koyar da malaman asibiti da aka buɗe a jihohi. A 1978 ƙasashen duniya suka taru a Alma-Ata suka yarda lafiya daga ƙauye take farawa. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya yi bakin ƙoƙarinsa a kan haka, aka kuma danƙa ƙananan asibitoci a hannun ƙananan hukumomi. A watan Afrilu na 2001 shugabannin Afirka suka zauna a Abuja, a gidanmu, suka yi alkawarin kowace ƙasa za ta ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinta. Gwamnatin tarayya ba ta taɓa kai wa ba. Yawancin shekaru tsakanin kashi 4 da 6 take tsayawa.

Wanda ya fi dacewa mu tsaya a kansa shi ne shirin ungozomomi na 2009, domin a cikinsa ne aka gwada ainihin abin da muke roƙo, aka kuma ga inda ya karye. A 2005 an yafe wa Nijeriya bashin dala biliyan 18. Daga rarar da aka samu, hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ɗebi ungozomomi 2,488, waɗansu sababbin fita makaranta, waɗansu marasa aiki, waɗansu 'yan fansho, ta raba su a ƙananan asibitoci 652 na karkara. Niyyar ita ce a sa huɗu a kowane asibiti, domin dare da rana a tarar da wata. Aka raba nauyin biyansu gida uku. Gwamnatin tarayya ta ba kowace naira 30,000 a wata, jiha ta ƙara naira 20,000, ƙaramar hukuma ta ƙara naira 10,000 ta kuma ba da wurin kwana.

A takarda shiri ne mai kyau. Amma kowace mace ta san murhu duwatsu uku ne, in aka zare biyu tukunya ta kife. Jihohi da ƙananan hukumomi da yawa ba su riƙa biyan nasu kason yadda aka yi alkawari ba. Wurin kwanan ma a wurare da dama bai samu ba, ko kuwa ɗaki ne ba ruwa ba makewayi. An kai yarinya garin da ba ta san kowa ba, wata ko harshen mutanen ba ta ji, albashi ya zo rabi, wani watan bai zo ba. Me zai tsai da ita? Da yawa suka tattara nasu ya nasu. A 2012 aka sake wani shiri mai kama da shi da rarar kuɗin man fetur, wanda ake kira SURE-P. A 2015 aka rufe shi, ma'aikatansa suka watse.

Kuskuren guda ne. An ɗauki ungozoma kamar 'yar ƙodago, wadda za a sallama in an gama shiri. Alawus aka ba ta, ba a ba ta aiki ba. Mai alawus kullum kunnenta na waje tana sauraron inda za a ɗauke ta na dindindin, da ƙarin girma da fansho. Haihuwa kuwa ba ta da ranar gamawa.

A 2014 aka yi dokar lafiya ta ƙasa. Ta ce a keɓe aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin da ke shiga babban asusun gwamnatin tarayya domin lafiya a matakin farko. Sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin, naira biliyan 55. Bisa ga dokar, rabi na inshorar lafiya ne, kashi 20 na magani da alluran rigakafi, kashi 15 na gyaran gini da kaya da abin hawa, kashi 5 na taimakon gaggawa, kashi 10 na raya ma'aikata. Watau cikin kowace naira 1,000 da ta shiga wancan babban asusu, naira 10 ke zuwa nan, naira 1 tak ce ta ma'aikata. Asusun yana da amfani, ba mu raina shi ba, yakan sa a sami magani da ɗan kuɗin gyara a asibitin mazaɓa. Amma albashin mai zama a ciki har wa yau a wuyan jiha da ƙaramar hukuma yake. Can ne za mu kai kukanmu.

A LEƘA MAƘWABTA

Ƙasar Zurmi ta yi iyaka da Jumhuriyar Nijar. Mutanen Maraɗi 'yan'uwanmu ne, harshe ɗaya, gero ɗaya, ƙasarsu kuma ta fi tamu talauci nesa ba kusa ba. Su ma an yafe musu bashi. Daga 2001 gwamnatin Tandja Mamadou ta yi amfani da rarar ta gina ƙananan ɗakunan shan magani wajen 2,000 a ƙauyuka. Gini suka yi kamar mu, amma suka sa mutum a ciki, wanda aka koya wa maganin zazzaɓi da zawo da ciwon haƙarƙari na yara, gwamnati kuma tana biyansa. Daga 2006 aka ce a duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 da masu ciki kyauta. Aka haɗa da rabon gidan sauro da kula da masu tamowa. A 1998, cikin yara 1,000 da aka haifa a Nijar, 226 ba su kai shekara 5. A 2009 adadin ya sauko zuwa 128. Daga baya su ma sun yi tuntuɓe, gwamnati ta riƙa jinkirin mayar wa asibitoci kuɗin da suka kashe wajen duba yara kyauta, magani ya riƙa yankewa. Ko'ina dai maganar ta koma kan biya a kan kari.

Habasha ta bi wata hanya wadda ta fi kama da abin da muke so. Daga 2003 ta riƙa ɗaukar 'yan mata da suka gama aji 10, daga ƙauyen da za su yi aiki, a koyar da su shekara guda, a mai da su gida biyu-biyu a kowane ɗakin shan magani mai kula da mutum wajen 5,000. Aka sa sunansu cikin takardar albashin gwamnati tun daga ranar farko. Cikin 'yan shekaru suka haura 30,000.

INA MA'AIKATAN SUKA TAFI?

Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasa na bukatar likitoci da nas-nas da ungozomomi wajen 45 ga kowane mutum 10,000, in an haɗa na ƙauye da na manyan asibitoci. Watau rabon mazaɓa mai mutum 20,000 ya kusa 90. Kowa ya ƙidaya na mazaɓarsu da yatsun hannu ya gani.

Ana yawan maganar likitocinmu da ke tafiya Ingila da Amurka da Saudiyya. A 2024 ministan lafiya, Muhammad Ali Pate, ya ce wajen 16,000 sun tafi cikin shekara 5, saura kamar 55,000, cikinsu kuma wajen 7,600 suna Legas, 4,700 suna Abuja. Mai noma a Shinkafi zai ce ina ruwansa da likitan Legas. Da ruwansa. Abin kamar tsani yake. Na Legas ya tafi Ingila, na Gusau ya haura asibitin tarayya ko Abuja ya cike gurbinsa, na Ƙaura ya nemi a mai da shi Gusau, na ƙauye ya dawo cikin gari. Kowa ya hau taki ɗaya, ramin kuwa a ƙasan tsani yake tsayawa, inda muke.

Ga wani abin mamaki. A watan Mayu na 2024 ƙasashen Afirka suka taru a Windhoek ta ƙasar Namibiya domin maganar zuba kuɗi a kan ma'aikatan lafiya. A can aka bayyana cewa nahiyar za ta rasa ma'aikata wajen miliyan 6 kafin 2030, amma kuma wajen kashi 27 cikin 100 na waɗanda aka riga aka koyar ba su da aiki. Ashe ba mutane kaɗai aka rasa ba. Takardar ɗaukar aiki aka rasa. Mu ma mun san irinsu a garuruwanmu, yaro ya gama makarantar malaman asibiti, ya shekara uku yana aikin sa kai a asibitin gwamnati ba ko kwabo, a ƙarshe ya buɗe kantin magani a bakin tasha ko ya koma acaɓa.

MASU CEWA BA KUƊI

Za a ce mana albashi na cinye kasafi, jiha ba ta da ƙarfi. Akwai gaskiya a ciki, Zamfara ba ta cikin jihohi masu tara haraji da yawa. Amma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kason da jihohi da ƙananan hukumomi ke karɓa daga Abuja ya ƙaru ƙwarai, ko da yake tsadar kaya ta ci wani abu daga ciki. Mu ne muka biya wannan ƙari, a kuɗin mota da na taki da na niƙa. Muna da bakin tambayar inda ya shiga.

Sa'an nan akwai yoyo a cikin tulun. Gwamnatin jihar da kanta ta taɓa ba da sanarwa cewa likitoci 280 ke cikin takardar albashinta, amma 81 kaɗai aka tarar a bakin aiki. In haka ne, a lokacin kuɗin likita 199 ya riƙa fita kowane wata, mara lafiya bai ga kowa ba. Don haka in mun ce a ƙara kuɗin ma'aikata, ba muna cewa a ƙara zuba ruwa a tulun da ya fashe ba ne. A liƙa sunan kowane ma'aikaci a ƙofar asibitin da aka tura shi, da ranakun aikinsa, kowa ya gani. Wannan bai fi kuɗin takarda da ƙusa ba.

Dalilin da ya sa masu mulki suka fi son gini ba ɓoyayye ba ne. Gini ana ba da kwangilarsa, ana ɗaukar hotonsa, ana nuna shi ran zaɓe. Albashin ungozoma ba ya hoto. A watan Janairu na 2024 Gwamna Dauda Lawal ya kafa dokar ta-ɓaci a kan sha'anin lafiya a jihar, daga baya aka gyara manyan asibitoci da dama, har da na Ƙauran Namoda. Wannan abu ne mai kyau, ya kuwa kamata, domin Ƙaura ce mahaɗar hanyar Shinkafi da ta Zurmi, mara lafiyar da ya fi ƙarfin can nan yake fara sauka kafin Gusau. Abin da muke jira a faɗa mana shi ne likita nawa ke kwana a garin, ungozoma nawa ke aikin dare, mai awon jini nawa ne.

Af, tun da mun ambaci Ƙaura. A 1929 Turawan mulki suka kawo hanyar jirgin ƙasa har nan, domin su kwashi gyaɗa da auduga. Ba su shimfiɗa dogo suka tafi ba. Sun ajiye ma'aikatan tasha, sun gina musu gidaje, suna biyansu wata-wata, domin suna son abin da ke wurin. Gwamnati in tana son abu a wuri mai nisa, ta san yadda ake tsai da ma'aikaci a can.

Saura maganar tsaro, wadda ta fi kowace nauyi. Ba mu ce albashi zai kori 'yan bindiga ba. An watsa garuruwa, an tare hanyoyi, an hana mutane gonakinsu, tamowar da aka ƙidaya ma daga nan ta samo tushe. Ba za mu zargi ma'aikacin da ya ƙi bin hanyar da ake satar mutane ba, shi ma yana da iyali. Amma shekara da shekaru alawus ɗin haɗari na ma'aikacin lafiya na tarayya naira 5,000 ne a wata, sai a ƙarshen 2021 aka ƙara. Wannan ya nuna yadda aka ɗauki ransu. A ganinmu, wanda ya yarda ya zauna a ƙauyen Zurmi ya kamata ya fi na cikin Gusau albashi, bambancin kuma ya zama wanda za a ji a aljihu. A ba shi gida a tsakiyar gari. A rubuta abin da za a yi wa iyalinsa in wani abu ya same shi a bakin aiki.

DA ƊAN GARI AKAN CI GARI

Wanda ya fi kowa zama a wuri mai wuya shi ne wanda uwarsa ke wurin. Ga mata kuwa abin ya fi haka, domin magidanta da yawa a yankin nan ba su yarda namiji ya duba matansu ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cikin mata 100 da suka haihu a Arewa maso Yamma, 16 ne kaɗai suka haihu a asibiti. A 2023 an ƙiyasta mata wajen 75,000 suka mutu wajen ciki da haihuwa a Nijeriya, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya duka.

An gwada maganin wannan ma. Daga 2012 zuwa 2020 wani shiri da Ingila ta biya ya yi aiki a Zamfara da Katsina da Kano da Jigawa da Yobe. Gari ya zaɓi 'yarsa wadda ta gama sakandare amma sakamakonta bai kai ba, a ba ta karatun share fage har ta cika sharaɗin shiga makarantar ungozoma ko ta nas, bisa alkawarin za ta dawo gida ta yi aiki. Jihar tana da makarantar nas da ungozoma a Gusau, da ta malaman asibiti a Tsafe. Hanyar tana nan. Abin da ake bukata shi ne jiha ta riƙe ta da kuɗinta, kowace mazaɓa cikin 147 ta sami gurbi, kuma ran da yarinya ta gama takardar ɗaukar aiki na jiranta. Karatun yakan ci shekara biyu zuwa uku, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya.

Waɗansu dattawanmu za su tuna da shirin Garkida na 1974, inda ƙauye ke zaɓen mutanensa a koyar da su wata uku, su dawo suna koya wa jama'a tsabta da rigakafi ta hanyar ba da labari. Shiri ne da ya yi suna har ƙasashen waje. Ya nuna ƙauye na iya zaɓen mutumin kirki ya kuma tsaya masa. Amma ƙauye ba ya iya ɗaukar albashin ungozoma daga ɗan abin da ya rage a rumbu, balle a shekarar da ba a yi noma ba. A 2018 Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a fili cewa ma'aikatan lafiya na ƙauye a riƙa biyansu gwargwadon aikinsu, a daina dogara ga sa kai.

To, ina namu aikin? Kada jam'iyya ta ce za ta biya albashi, wannan sauke wa gwamnati kayanta ne. Amma jam'iyya na iya gyara ɗaki biyu da makewayi kusa da asibiti, domin in an turo ungozoma kada ta juya saboda wurin kwana. Tana iya ɗaukar kuɗin jarrabawa da na mota na yarinya guda daga cikin 'ya'yan gari. A tsarin lafiya na ƙasa kowace mazaɓa tana da kwamitin raya ta, wanda ke da hannu wajen lura da asibiti da kuɗin da ke shigarsa. Mu nemi kujera a ciki, mu tura wanda ya iya lissafi, mace in da hali, mu zauna tare da dagaci da limamai da sauran maƙwabta, domin kukan gari guda ya fi na jam'iyya guda ƙarfi.

A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa kuɗin ƙananan hukumomi nasu ne, a ba su kai tsaye. Saboda haka shugaban ƙaramar hukuma da kansila su ma a tambaye su. Sakataren kowace jam'iyya ya ɗauki littafi ya je asibitin mazaɓarsu ya rubuta mutum nawa aka turo, nawa ke zuwa, nawa ne na dindindin, nawa ne 'yan sa kai, akwai mace ko babu, yaushe aka biya su na ƙarshe. Gwamna yakan kai kasafin sabuwar shekara gaban majalisar jiha wajen ƙarshen shekara, lokacin da muke tsakiyar kaka. Takardar da za ta je hannun ɗan majalisar yankinku, da sa hannun jam'iyya da na kwamitin mazaɓa, sai ta riga wannan lokaci, watau a rubuta ta tun gero bai nuna ba.